Allon haɗa nahiyoyi: yanka mai kyau, amma haruffa biyu sun ɓata hujja

Malaman labarin ƙasa na Sakkwato, allon nan na haɗa nahiyoyi da ake ta tallansa, na katako mai guntaye tara da maganaɗisu a baya, na yi aiki da shi zango guda a ajin babbar sakandare.

Yankan kam sai hamdala. Ba su bi bakin teku na yau ba, sun bi gefen nahiya da ke ƙarƙashin ruwa, irin yadda masanin Birtaniya Edward Bullard ya gwada a 1965 a zurfin kusan mita 900. Shi ya sa idan ka turo ƙusurwar Brazil cikin lungun tekun Gini, daidai gaɓar Najeriya da Kamaru, sai ta zauna ɗas. Indiya da Madagaska kowacce da guntunta, yadda ya kamata.

Abin da ya ɓata mini rai yana kan jan layin da ke nuna inda aka tono ƙasusuwan wata dabbar dā, wanda ya ratsa kudancin Afirka ya shiga Amurka ta Kudu. Wurin na Mesosaurus ne, amma sun rubuta Mosasaurus, har da hoton ƙaton dodon teku mai buɗaɗɗen baki. Wannan ba ƙaramin kuskuren ɗab'i ba ne. Mesosaurus ɗan ƙaramin mai rarrafe ne, tsawonsa kamar mita ɗaya, ya rayu a ruwa mara zurfi wajen shekara miliyan 280 da suka wuce. Ƙarfin hujjar Alfred Wegener, masanin da tun 1912 ya ce nahiyoyi a haɗe suke a dā, a nan yake: dabbar da ba ta iya ƙetare teku, ga ƙasusuwanta a duwatsu masu shekaru ɗaya a gaɓa biyu na Atlantika, ke nan ƙasar a haɗe take a lokacin. Shi kuwa Mosasaurus teku ne gidansa, ya zo bayan kusan shekara miliyan 200, lokacin da Atlantika ta riga ta buɗe. Ɗalibi mai kaifin basira zai ce, "Malam, ai wannan iyo ya yi ya ƙetare." Kuma yana da gaskiya!

Abin ya fi ciwo a nan, don dangin wannan dodon namu ne. An tono ƙasusuwansa a duwatsun Dukamaje, aka sa masa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Shi shaida ne cewa teku ya taɓa malalowa ta Sahara har ƙasar Sakkwato, tekun da ya bar mana farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. Darasi ne daban, allon ya cakuɗa su. Mai sayarwa da aka nuna masa, cewa ya yi haka kaya suka zo, ba canji.

Sauran layukan daidai suke. Koren na tsiron Glossopteris ya bi Amurka ta Kudu, Afirka, Indiya, Antaktika da Ostireliya ba yankewa, na dabbar Lystrosaurus ya haɗa Afirka, Indiya da Antaktika. Dabbobi masu rai ne ba su sa ko ɗaya ba, alhali ga gaiwa a fadamunmu, kifin nan mai shaƙar iska da ke binne kansa cikin laka da rani. Ɗan'uwanta na kusa yana ruwan Amazon, kuma dukansu ba sa rayuwa a ruwan gishiri. Ku zana gaiwar a allon aji da kanku, yara sun san ta.

Da na so in ce a saya, a rufe sunan da farin tef a gyara da alƙalamin maka, a rufe hoton. Amma ga maganar gam. Zafin Afrilu na shigowa, maganaɗisu huɗu suka ɓalle, Antaktika ta riƙa sulalewa ƙasa ana tsakiyar bayani. Sai an kankare tsohon gam da reza, a sa gam mai haɗi biyu, a danne da littafi kwana ɗaya, kuma kada a bar allon kusa da taga. A kuɗin da suke karɓa, bai kamata malami ya koma kafinta da mai gyaran rubutu ba. Wanda ya riga ya saya ya gyara kafin ya shiga aji da shi. Wanda bai saya ba ya buɗe kwalin a gaban mai kaya, ya karanta jan layin tukuna.