Wa ke da ikon shiga gida don ceton dabba a Faransa?

Ƴan uwa na Damagaram, ina gaishe ku. A gida, in mai amalanke ya ɗora wa jakinsa kaya da gyambo a gadon baya, sai dai dattijo ya yi masa faɗa, ko a kai magana wajen mai unguwa. A nan Faransa akwai ma'aikata da doka ta ba wannan aiki, amma ikonsu na da iyaka, kuma sabon zuwa ya kamata ya san iyakar.

Likitocin dabbobi na gwamnati, na ofishin DDPP mai kula da lafiyar dabbobi da kare jama'a a kowane yanki, suna shiga garke, turke ko shagon dabbobi daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare, ko a wani lokacin in ana cikin aiki a wurin. Cikin gida inda mutum ke kwana kuwa, sai da izinin mai gida ko takardar alƙali. Ƴan ƙungiyar kare dabbobi ta SPA, wadda aka kafa tun 1845, ba su da ikon ƙetare ƙofar kowa. Nasu su duba, su kai ƙara.

Abin da ake dubawa shi ne wanda kowane makiyayi ya sani: ruwa, inuwa, tsawon igiya, haƙarƙari da suka fito, ciwon da aka bari ba magani. In abin ya yi tsanani ana ɗauke dabbar a ba wata ƙungiya riƙo, kuma kuɗin ci da magani na kan mai ita. Kare da aka kulle cikin mota a rana, rai na shirin fita, ana buɗe motar a gaban ɗan sanda. Maƙwabci da ya fasa ƙofa da kansa don tausayi yakan jawo wa kansa shari'a, don haka a kira 17, lambar ƴan sanda, a ɗauki hoto, a jira.

Tun dokar 30 ga Nuwamba 2021, azabtar da dabba na kai mutum kaso shekara 3 da tarar Yuro 45,000, wajen sefa miliyan 29 da rabi.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne layya. Ɗaure rago a garejin mota ba iska, kukansa kaɗai ya isa maƙwabta su kira hukuma. Yanka a gida kuma laifi ne daban: wata 6 a kaso da tarar Yuro 15,000. Ragon a kai shi mayankar da hukuma ta amince da ita, a kama layi tun da wuri, don wurin kan cika kafin Sallah.