Diazepam ko midazolam: idan jijjigar yaro ta ƙi tsayawa

Daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro kan cika asibitocin Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, da yara masu jijjiga. In ta wuce minti 5, jira ya ƙare; sai magani.

Diazepam shi ma'aikatan lafiyarmu suka saba da shi, ga araha. In ba a samu jijiya ba, ana zuba shi ta dubura da sirinji marar allura, miligiram 0.5 kan kowane kilo na nauyin yaro. Sai dai fa a tuɓe shi a gaban jama'a, kuma in yana zawo maganin kan iya dawowa waje.

Midazolam kuwa tsakanin kunci da dasashi ake ɗiga shi, ko da haƙora sun datse. Ni shi na fi so wa yaron da ya tasa, amma samunsa a ƙauye aiki ne.

Duka biyun suna iya rage numfashi, don haka ido na kan ƙirjin yaro. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa, a auna sukarin jininsa. In an ba da maganin sau biyu bai tsayar da jijjigar ba, sai wani maganin jijjiga, phenobarbital.