Sayen layin eSIM a Zariya kafin tafiya Umara: yadda na samu hidimar wani shago a PZ

Akwai wani shagon waya a yankin PZ da ya ƙara wata hidima a kan gyara da sayar da wayoyi, wato sanya wa matafiya layin eSIM na ƙasar waje tun kafin su bar gida. Shi eSIM layi ne marar kati, ana saukar da shi cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly suna sayar da shi ta intanet, sai dai da kuɗin waje ake biya, kuma ba kowa ne ke da katin bankin da zai yi wannan ba. Shagon ne ke saye, mai tafiya kuma ya biya su da naira tare da ladan aikinsu. Na yi amfani da wannan hidima a tafiyar Umara, kuma ina ganin ta cancanci yabo, ko da yake akwai giɓi guda da ya kamata su toshe.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su karɓi kuɗina ba sai da suka bincika wayar. Matashin da ke aikin ya danna *#06# domin ya ga ko lambar EID za ta fito, wadda ita ce shaidar cewa wayar na karɓar eSIM, sannan ya duba ko ba a kulle take ga wani kamfanin sadarwa ba. Wannan bincike yana da muhimmanci a wurinmu, domin yawancin wayoyin da muke riƙewa na hannu ne da aka shigo da su, kuma waɗanda suka fito daga Amurka sukan zo a kulle. Wayoyin iPhone sun fara karɓar eSIM ne daga samfurin XS da XR na shekarar 2018, amma akasarin waɗanda aka yi domin kasuwar Sin gurbin kati biyu gare su, ba su da eSIM. Mai Samsung ma sai ya duba, saboda samfuri ɗaya yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Matsalar ta bayyana ne bayan sauka a Jidda. Alamar sabis ta fito a kan wayar, amma data ta ƙi aiki, babu saƙon da ke shiga ko fita. Da waifai na filin jirgi na samu matashin ta WhatsApp, kuma kalmarsa ta farko ita ce: "Alhaji, don Allah kada ka goge layin, a hankali za mu gyara." Gargaɗin ya dace, domin galibin irin waɗannan lambobin QR sau ɗaya ake amfani da su, wanda ya goge layin kuwa yana iya rasa kuɗinsa gaba ɗaya.

Gyaran ya zo daki-daki. Da farko wayar tana neman data ne ta layina na Najeriya, sai muka mayar da ita kan eSIM, muka kuma kashe zaɓin da ke ba waya damar sauya layin data da kanta, don kada ta koma layin gida ta cinye kuɗin da ke ciki. Na biyu, kuma shi ne ainihin dalilin, romin na data, wato damar da layi ke samu ta yin aiki a kan kamfanin sadarwar wata ƙasa, a kashe yake. Mutane da yawa sun saba kashe shi saboda tsoron caji, alhali galibi layin matafiya ba ya aiki sai da shi, domin sau da yawa kamfanin da ya fitar da layin a wata ƙasa ta daban yake, a Saudiyya kuwa baƙo ne da ke hawa kan kamfanonin sadarwar ƙasar, STC ko Mobily ko Zain. Bayan kunna shi matashin ya sa na duba saitin APN, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet, na tabbatar ya yi daidai da wanda ke cikin saƙon saye, na kunna yanayin jirgin sama na ɗan lokaci na kashe, data ta dawo. Daga baya a Madina ta sake tsayawa, a nan kuma zaɓar kamfanin sadarwa da hannu, maimakon barin waya ta zaɓa, shi ya warware ta.

Giɓin da nake magana a kai a nan yake. Duk waɗannan matakai ana iya rubuta su a takarda guda da Hausa a miƙa wa mai tafiya, amma ba su yi ba. Taimakon nasu ya dogara ne ga mutum ɗaya da wayarsa, kuma wanda datarsa ta tsaya sai ya sami waifai kafin ya same shi. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, saboda haka wanda ya sauka da asuba zai iske mai taimakon yana barci. Ina tunanin dattijuwar da 'ya'yanta suka saya mata layin, ta sauka ba ta san inda saitin yake ba, ga shi tana buƙatar manhajar Nusuk don izinin shiga Rauda. Haka kuma ba su bayyana mini tun farko cewa layin data kaɗai gare shi ba, ba shi da lambar kira, don haka direban mota ko mai masauki ba zai iya kiranka kai tsaye ba sai ta WhatsApp.

Layin Najeriya ya kamata a bar shi a kunne, a kashe masa romin na data kawai, domin ta nan lambobin tantancewa na banki ke shigowa. WhatsApp kuma yana ci gaba da aiki da lambar gida ba tare da sauya komai ba.

Ga mai tafiyar mako ɗaya ko biyu, hidimar ta biya kuɗinta, musamman ga wanda ba ya son tsayawa jerin gwanon rajistar layi bayan gajiyar jirgi. Alhazan da za su daɗe kuwa, layin Saudiyya mai lambar kira zai fi musu amfani. Wanda zai je shagon, ya nemi a kunna masa romin na eSIM a gabansa, a rubuta masa APN da sunayen kamfanonin da layin ke hawa a kansu, ya ajiye takardar tare da fasfonsa.