Bulon siminti ko tubalin jan ƙasa a Kumasi?

Hajiya, kin ce kin samu fili wajen Ejisu, za ki bar haya a Aboabo, kuma an raba miki hankali: wasu na cewa bulon siminti, wasu tubalin jan ƙasa da ake matsewa da inji. Kina son sanin wanne ya fi sanyi da sauƙin kuɗin wuta.

Bulo dai kowane birkila ya iya shi, ana sayar da shi a bakin kowace hanya, aiki kuma yana sauri. Amma sai an yi masa filasta ciki da waje, a bi da fenti. Sannan yawancin kilinka, ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, daga ƙetare ake shigo da shi ta Tema da Takoradi, shi ya sa da dala ta motsa sai kuɗin buhu ya bi ta. Ƙona dutsen nan sai wuta ta kai digiri 1,450, kuma siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Wannan yana damuna ƙwarai, don jikokinmu ne za su sha zafin.

Tubalin jan ƙasa kuwa simintin da ke cikinsa bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba. Mai kyau za ki ji shi da nauyi, gefensa a miƙe, ki kankare da farce ba ya marmashewa. Ki sa a tsoma guda a bokitin ruwa ya kwana. In ya wayi gari ya yi laushi, ki bar mai shi da kayansa. Bayan bugawa ana lulluɓe shi da leda ana yayyafa ruwa, sai ya yi mako huɗu kafin a hau gini. Katangarsa ba ta saurin ɗaukar zafin rana, kuma ana iya barinta ba filasta. Abokin gabarsa ruwa ne, ga Kumasi damina biyu take yi, don haka dole tushe ya zama na kankare, ya ɗago sosai daga ƙasa, bakin kwano kuma ya zarce bango.

Sai dai nan ba Tamale ba ce. Iskarmu da laima take, dare ba ya hucewa sosai, saboda haka kaurin bango kaɗai ba zai raba ki da fanka ba. Yawancin zafin ɗaki daga sama yake saukowa. Kwano mai haske, silin da sarari a samansa inda zafi zai fice, tagogi masu kallon juna, bishiya a gefen yamma, su ne ke hana mita cinye kati. Tagar luba mai falle-fallen gilashi ma ta fi gilashin nan da ake turawa gefe wanda ake yayi, don shi rabi kawai yake buɗewa.

Ni dai tubalin zan zaɓa, in har akwai maginin da ya taɓa aikinsa kuma ya kai ki kin ga gidan da idonki. In babu, ki yi bulo, ki zuba kuɗin a rufi da tagogi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI tana Fumesua, kusa da filin naki. Su suka yi aikin pozolana, ƙonannen yumɓu da ke maye gurbin wani kaso na siminti. Ki tura yaronki da samfurin ƙasar wurin ya tambayo yadda ake gwada ta kafin ki sayi ko buhu ɗaya.