The Witcher zango na huɗu a Netflix: ko ya cancanci kuɗin wata bayan tafiyar Henry Cavill?

Duk wanda ya bi The Witcher tun fitowarsa a Netflix a Disamban 2019, fuska ɗaya ya sani da Geralt, mafaraucin dodanni (wato witcher) kuma jarumin shirin: Henry Cavill, farin gashi har kafaɗa, idanu ruwan ɗorawa, murya kamar daga cikin rijiya. Zango uku ya yi, kowanne kashi takwas, jimilla 24. A ƙarshen Oktoban 2022 ya sanar da cewa ya ajiye takubbansa, Liam Hemsworth ɗan Ostareliya zai gaje shi, bai kuma faɗi dalili a sanarwar ba. Kwanaki kaɗan kafin nan ya bayyana cewa zai koma fitowa a matsayin Superman, amma kafin shekarar ta ƙare wannan ma ta wargaje. Masoyansa suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Zango na huɗu ya fito ranar 30 ga Oktoba, 2025, shi ma kashi takwas, kuma na biyar ne zai rufe labarin.

Ciwon da mai kallo yake ji na gaske ne, kuma ta kunne yake fara shiga. Kayan Geralt ba su sauya sosai ba: ga gashin, ga sarƙar mai kan kyarkeci, ga takobi a baya. Amma da zarar ya buɗe baki sai zuciya ta ce wannan ba shi ba ne. Cavill tsohon mai buga wasan bidiyon The Witcher ne, ya kuma kai muryarsa kusa da wadda 'yan wasan suka saba ji. Bayan haka ya mayar da shiru makami. Inda wani zai yi jimla uku, shi gurnani ɗaya yake yi ya kau da kai, mai kallo ya cike sauran da kansa. Hemsworth ya fi sakin fuska, muryarsa ta fi sauƙi, yana kuma amsa magana kamar mutumin da ke son a fahimce shi. Ba laifi ba ne a wasan kwaikwayo, sai dai wani mutum ne daban, kuma shekara huɗu na sabo ba sa gogewa a dare ɗaya.

Masu shirin sun san da haka. Kashi na farko ya buɗe da wani mai ba da labari yana karanto wa yara tarihin Geralt shekaru da yawa bayan faruwarsa, aka sake ɗaukar wasu tsofaffin fitowa da sabuwar fuskar. Manufar ita ce labari yana sauya kama gwargwadon bakin da ya fito. Dabara ce mai kyau a takarda, amma a ganina ta yi wa Hemsworth illa, domin ta ajiye shi daidai wuraren da ake tuna Cavill, ta tilasta kwatance tun kafin a ba shi damar yin nasa. Abin da ya fi taimaka masa yana cikin labarin ne: Geralt ya shigo zangon da raunin ƙafar da mugun matsafi Vilgefortz ya yi masa a ƙarshen na uku, don haka idan faɗansa bai kai zafin wanda aka gani a garin Blaviken a kashin farko na 2019 ba, akwai hujja.

Daga wajen kashi na uku kunne yakan fara sabawa. Dalili shi ne an raba nauyin gida uku. Geralt yana tafe da ayari, akwai Jaskier mawaƙi da Milva maharbiya da Zoltan da Regis, wanda Laurence Fishburne ya fito a matsayinsa da natsuwar da ta fi komai daɗi a zangon. Yennefer, matsafiya masoyiyar Geralt, tana tara matsafa mata don tunkarar Vilgefortz, Ciri kuma, gimbiyar da Geralt ya riƙa kamar 'yarsa, ta ɓoye cikin gungun 'yan fashi da sunan Falka. Anya Chalotra (Yennefer) da Freya Allan (Ciri) suna nan yadda aka san su, su ne igiyar da ke riƙe tsohon mai kallo. Hasarar ita ce Geralt ya zama ɗaya daga cikin jama'a a shirin da ke ɗauke da sunan sana'arsa, kuma ba su cika haɗuwa da Yennefer ba, ballantana a auna ko soyayyar ta tsira daga sauyin.

Ta fuskar Netflix kanta, zaɓin tsari yana da tasiri a nan fiye da a wasu shirye-shiryen, domin rabin abin a daji da dare ake yinsa. Tsarin Mobile a waya ko tablet kaɗai yake aiki, kuma 480p ne iyakar tsabtar hotonsa. A fitowar dare hoton yakan dunƙule, baƙi ya haɗiye fuskoki. Basic yana ba da 720p a na'ura ɗaya har da talabijin, shi ne mafi ƙanƙantar da zan ba da shawara. Standard yana kaiwa 1080p a na'ura biyu lokaci guda. Premium mai 4K ɓarnar kuɗi ce ga wanda ba shi da talabijin da intanet ɗin da za su ɗauka.

Lissafin data ga shi. Kowane kashi yana kusa da awa ɗaya, zangon duka wajen awa bakwai. Da zaɓin Save Data a waya, gigabait ɗaya yana kai kimanin awa shida, wato ƙasa da gigabait biyu sun isa. A hoto mai tsabta sosai kuwa awa ɗaya tana iya cin gigabait uku, zangon ya haura 20. Mafita ita ce a sauke kashin a waya lokacin da ake kan Wi-Fi ko da garaɓasar datar dare, a kalla daga baya ba tare da tsinkewa ba. A kashe tallan shirye-shirye da ke kunna kansa, yana shan data a banza. Babu fassarar Hausa, kuma sunayen garuruwa da sarakuna suna da yawa, don haka a kunna rubutun Turanci a ƙasan hoto.

Matsala biyu ake yawan cin karo da su wajen biya. Kati yakan ƙi shiga idan banki bai buɗe shi ga sayayyar intanet ko cirar wata-wata ba, wannan a manhajar banki ake gyara shi. Sannan rajistar tana sabunta kanta. Wanda wata ɗaya kawai yake so ya shiga shafin asusunsa ya soke tun da wuri. Kallo zai ci gaba har ranar da kuɗinsa ya ƙare.

Shirin na manya ne zalla, akwai jini da tsiraici da ashar, kuma ƙarshen wannan zangon yana cikin mafi muni wajen zubar da jini. Gidan da yara ke taɓa waya ko rimot, a sa wa asusun lambar sirri.

Wata ɗaya a tsarin Basic ya cancanta ga wanda ke son sanin makomar Ciri da Yennefer. Wanda Cavill kaɗai ya riƙe shi a shirin zai fi jin raɗaɗi idan ya sake kallon zango na uku ya zarce kai tsaye, domin muryar tana nan sabuwa a kunnensa. Gara ya kalli taƙaitaccen waiwayen baya, ya ba Hemsworth kashi uku cur kafin ya yanke hukuncin ci gaba ko tsayawa.