Fitilun BRAKE, VDC da SLIP a Nissan 350Z: wace na'urar gwaji za ka saya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wace na'urar gwajin mota za ka saya don gano abin da ke sa fitilun gargaɗi kamawa a dashbod ɗin motarka. Tsakanin 'yar ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da waya ta Bluetooth da babbar mai karanta ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki), ɗauki babbar. Tunda fitilun BRAKE da VDC OFF da SLIP (biyun ƙarshe na tsarin hana mota santsi ne) ke kamawa suna mutuwa a 350Z ɗinka, ƙorafin daga kwamfutar birki yake fitowa, ita kuwa ƙaramar yawanci inji kaɗai take gani. Lambobin matsalar inji da na'urar ke nunawa da P suke farawa, kuma tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka dole ta nuna su ga kowace na'urar OBD2, wato tsarin gwajin mota na bai ɗaya. Na birki da C suke farawa, kowane kamfani da nasa tsarin. Shi ya sa za ka jona ƙaramar ta ce maka lafiya lau, ga fitilu uku suna kallonka. Ina da ƙaramar, tana cikin akwatin mota, fitilar inji kawai take yi mini amfani.

Tawa motar Infiniti G35 ce mai ƙofa biyu ta 2004, shasinsu ɗaya da taka, injinsu ɗaya. Wata damina ta tsiri wannan hali: ina faɗawa rami fitilun su kama, in na kashe na tayar su ɓace. Wani rewaya ko buɗe bonet bai yi ba ya ce famfon ABS ne, a nemo ɗan Beljiyam. Da na jona babbar sai ga C1104, wato sensar tayar gaba ta hagu. Abin da ya ƙara mini son na'urar shi ne tana nuna gudun tayoyi huɗu a lokaci guda. Ƙanena ya riƙe ta muka bi hanya mai gargada. Uku suna tafiya tare, ta hagun nan sai ta faɗo sifili ta dawo duk inda muka yi tsalle. Aka cire taya, ashe wayar sensar ce ta kuɓuce daga maƙalarta tana gogar ƙarfe har jan tagullar ya fito. Aka yi mata dalma aka naɗe, shi ke nan. Famfon na nan har yau, lafiyarsa ƙalau.

Amma kafin ka kashe ko sisi, leƙa kwalbar man birki. Waɗannan motocin sun shahara da haka: takalmin birki na cinyewa, mai na sauka, in ka sha kwana ko ka taka da ƙarfi ya karkata gefe, fitilun uku su kama tare. Lambar ƙarancin man ita ce C1155. In ya yi ƙasa kada ka cika kawai ka wuce, duba takalmin, ka duba ko akwai inda yake yoyo, sannan ka zuba DOT 3. C1109 na nufin wutar batir ba daidai take ba, sai a duba kan batir da caji. C1143 kuma sensar sitiyari ce, takan yi rigima bayan an yi alaimen, don haka ka nemi na'urar da za ta iya saita ta. In kuwa fedar birki ta yi laushi ko tana nutsewa, don Allah ajiye motar, maganar ta wuce ta na'ura.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai jabu da yawa, kwali ya ce tana karanta komai, ka je gida ka tarar inji ne kawai. Akwai kuma masu gyaran da za su goge lambar, ko su rufe fitilar ta bayan dashbod, su karɓi kuɗin aiki. Duk sanda motar ta dawo daga gareji, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilun su kama duka, wadda ta ƙi kamawa wataƙila an taɓa ta.

Autel, Launch da Foxwell duk suna da masu karanta ABS, sai dai ba kowane samfuri ba. Je shagon da motarka, a jona a gabanka, ka ga ta shiga ABS na Nissan ta nuno gudun tayoyin nan huɗu, sannan ka biya.