Rigakafin boru a garkena: aikin likita ya yi kyau, sai dai bin sawu

Da boru, wato ciwon baki da kofato na dabbobi, ya ɓulla a rugagen da ke kewaye da mu a gefen Jos, na kira wani likitan dabbobi mai zaman kansa ya duba min 'yan shanun madarata. Masu tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ta biya, amma da sauran magana.

Kafin ya iso, saniya ɗaya ta riga ta kamu: yawu na dalala, ƙurajen harshe sun fashe, tana ɗingishi, nono ya ja baya. Ya buɗe bakinta, ya leƙa tsakanin kofato, ya ce, "Alhaji, allurar nan ba ta warkar da wadda ta kamu, masu lafiya za mu tsare." Nan ya burge ni, don da wani ne sai ya sayar min da kwalabe ya kama gabansa. Ya sa aka ware ta, aka kuma raba ta da ɗan maraƙinta, tunda ciwon kan taɓa zuciyar ƙanana su mutu farat ɗaya. Ya hana mu kai garken mashaya ta haɗaka, ya hana sayo ko sayar da dabba a kara, har tumaki da awaki, don su ma suna ɗauka. Takalmansa ma sai da ya wanke da ruwan soda kafin ya shiga mota.

Allurar a cikin kula mai ƙanƙara ya zo da ita, ya nuna min takardar kwalbar. Ƙwayar cutar iri bakwai ce, kuma rigakafin wani iri ba ya kare dabba daga wani, shi ya sa ya ɗebi samfur ya kai cibiyar binciken dabbobi ta Vom a gano wanda ke yawo.

Inda ya gaza shi ne allura ta biyu. Ana maimaita ta bayan kamar wata guda, sannan duk wata 6. Lokaci ya yi, waya ba ta shiga, sai da na yi ta naci. Kuɗin ma ba na ƙaramin makiyayi ba ne, kuma in maƙwabta ba su yi ba, hankali ba ya kwanciya.

Zan sake kiransa, amma wannan karon sai mun rubuta ranar dawowa kafin in cika masa kuɗinsa.